Dada Sabuwa ta Bakin Kogin Jimeta, 1916 zuwa 1992

An haifi marigayiya Hajiya Sabuwa, wadda mutanen Jimeta suka fi sani da Dada Sabuwa, a cikin tsohon garin Yola a damunar shekarar 1916, daidai da shekara ta 1334 bayan Hijira. Mahaifinta shi ne Modibbo Abdulhakeem, malamin fiƙihu mai koyarwa a zauren gidansa, mahaifiyarta kuwa Inna Dudu ce, mai saƙar faifai da sayar da man shanu. Daga cikin 'ya'yan da Allah ya ba su biyu ne suka rayu, ita da wanta Nata'ala, wanda ya girme ta da shekara huɗu.

Asali da ƙuruciya

Modibbo Abdulhakeem yana saurayi mai neman ilimi lokacin da jiragen ruwan Turawa suka hauro Binuwai suka ci Yola da yaƙi a watan Satumba na 1901. Yana cikin ɗaliban da suka tsaya da kwari da baka a wannan rana, harsashi ya farfasa masa gwiwar hagu, ya ƙare rayuwarsa yana dogara sanda. Bayan abubuwa sun lafa an nemi ya karɓi aikin rubutu a ƙarƙashin sabuwar hukuma, ya ba da uzurin ƙafarsa, da aka sake nema ya ce idonsa ne ba ya gani sosai, alhali kowa ya san yana karatu har faɗuwar rana. Ba a taɓa jin ya zagi Turawa ba, amma kuma ba a taɓa jin ya kira su da wani suna ba sai "baƙin nan," kamar mutanen da ake jiran ranar tafiyarsu.

A shekarar 1922 aka ɗauki Nata'ala zuwa makarantar boko ba da son mahaifinsa ba, daga baya ya zama malamin ofis kuma tafinta. Sabuwa ce ta zauna a gaban Modibbo, ta yi saukar karatu a 1929, ta ci gaba da ƙananan littattafan ibada tare da ɗalibai maza, labule kawai ke tsakaninsu. Ta tashi da Fillanci a baki, ta koyi Hausa a hanyar kasuwar Jimeta, inda take raka mahaifiyarta da ƙwaryar mai a ka.

Aure da zaman Jimeta

A wannan kasuwa ta haɗu da Malam Ɗanburam, matuƙin kwale-kwale mai fito da mutane, wanda iyayensa suka zo daga yamma suka zauna a bakin kogi. Da ya aiko neman aurenta a 1935, dangi suka yi ta maganar cewa 'yar malami ba ta dace da mutumin ruwa ba. Modibbo ya kira ta ya tambaye ta, ta ce tana so, ya ɗaura auren a cikin watan.

Ta tare a gidan mijinta kusa da tashar jiragen ruwa, ta haifi ɗanta na fari, Hayatu, a 1937, sai wata 'ya mace a 1940 wadda ta rasu tun kafin yaye. A nan ta kama sana'ar dafa tuwo da kunu tana sayar wa 'yan dako. A wancan zamani jiragen kamfanin Turawa ba sa iya isowa Jimeta sai da cikar kogi, daga tsakiyar damuna zuwa farkon kaka. Sukan sauke gishiri da atamfa da kananzir, su ɗauki gyaɗa da auduga da ƙiraga, su juya kafin ruwa ya janye, domin jirgin da ya makara yakan kafe a kan yashi ya shekara a nan. Ɗaruruwan 'yan dako da ke lodi ba su da wani abinci sai na matan bakin kogi, itacen da injin jirgi ke ci ma mata ne ke kawo shi daga ƙauyuka.

Rumfar da ke kusa da tata ta wata mata ce mai suna Keturah, Kirista daga ƙasar Bachama, mai sayar da busasshen kifi, matar wani kafinta mai gyaran kwale-kwale da ake kira Ishmael. Keturah na kiran Sabuwa "Adda," wato yaya, ko da yake ba a san takamaimai wadda ta girmi wata ba. Zumuncin da ya fara da aron wuta da ludayi ya ɗore har ƙarshen rayuwarsu.

Aikin tilas da rasuwar mijinta

A ƙarshen shekarar 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, aka ɗora wa kowace unguwa ta ba da maza domin fasa wata hanyar mota a kudancin lardi. Aka ce aikin na ɗan lokaci ne, kowa zai dawo kafin ruwan fari. Ɗanburam da Ishmael duk suna cikin waɗanda aka ɗiba, a lokacin kuwa matansu biyu suna da juna biyu.

A watan Fabrairu na 1944 wani mutum da ya gudo daga sansanin ya kawo labarin cewa atuni ya ɓarke a can, mutane da yawa sun mutu, Ɗanburam na cikinsu. Babu wanda ya aiko wa Sabuwa da sanarwa daga hukuma, babu wanda ya kawo mata ko rigarsa. Ta shiga takaba a kan maganar mutum guda, ta fita da haihuwar 'yarta Hanifa a watan Afrilu. Keturah ma ta haifi ɗa namiji, Zadok, a kusan lokaci guda, ba ta san ko mahaifinsa yana raye ba.

Damuna ta faɗi, mazan ba su dawo ba. Mata suka je ofis neman bayani, masinjoji suka mayar da su daga bakin ƙofa. Nata'ala ya zo gidan ƙanwarsa ya ba ta shawarar haƙuri, ya ce yaƙi ake yi, kuma abin da ya fi ƙarfin maza ba mace ce za ta kwance shi ba.

Yajin matan bakin kogi, 1944

A ƙarshen watan Satumba na wannan shekara jirage uku ne ke tsaye a tashar Jimeta suna jiran lodin gyaɗa, ruwa kuma ya fara sauka. Wata rana da la'asar Sabuwa ta tara masu abinci da masu itace a ƙarƙashin wata tsamiya da ke bayan rumfuna, ta kawo shawarar kada a sake hura wuta a bakin kogi, kada a sayar wa jirgi ko ɗauri guda na itace, sai an dawo da mazan. Keturah ta ɗauki nauyin kai saƙon ƙauyukan da ke gaɓar kogi da harshen mutanenta, ta shiga kwale-kwale da jaririnta a baya.

Ranar farko 'yan dako suka yi lodi da yunwa. Kashegari mafi yawansu suka zauna a inuwa, tun da akasarinsu suna da wa ko ƙane a cikin waɗanda aka ɗiba. Aka kawo fursunoni su yi aikin, ba su wadatar ba. Aka aiko 'yan doka suka farfasa tukwane, suka rushe murhu, suka daki wasu mata. Da aka shiga mako na biyu yunwa ta shiga gidajen matan su kansu, wasu suka fara maganar komawa. Sabuwa ta buɗe rumbun dawar da ta tanada domin sana'arta ta raba har ya ƙare, ba ta rage na gidanta ba. A duk wannan lokaci ruwa na ƙara barin gaɓa, yashi ya fara fitowa a tsakiyar kogi.

Daga nan Baturen mulki ya sa a kawo Sabuwa gabansa, kuma wanda aka tsayar ya yi tafinta shi ne wanta Nata'ala. Baturen ya tambaya wane namiji ne ya sa su wannan aiki.

Sabuwa ta ce, "Ranka ya daɗe, mazan suna wurinku. Waɗansu suna kan hanyar, waɗansu suna ƙarƙashinta."

Nata'ala ya juya maganar cikin kalmomi kaɗan, murya ƙasa-ƙasa. Ita ba ta jin Turanci, amma ta ga fuskar Baturen ba ta sauya ba, sai ta dubi wanta ta ce, "Hamma, faɗa masa yadda na faɗa." Ya faɗa. Da aka tambaye ta abin da suke so, ta ce abu biyu ne, a dawo da masu rai, a nuna musu inda aka binne matattu.

Ba a ba ta amsa a ranar ba, amma ba a daɗe ba ayarin farko na mazan ya iso Jimeta a ƙafa, Ishmael na cikinsu, ya rame har Keturah ba ta gane shi ba sai da ya yi magana. A wunin nan mata suka hura wuta. Jirage biyu suka samu wucewa, na ukun ya kafe a kan yashi a ƙasa da gari, ya zauna a nan har damuna ta zagayo.

Ɗauri

Asarar wannan jirgi ba ta tafi a banza ba. A watan Nuwamba aka kama Sabuwa, aka yanke mata ɗaurin shekara guda bisa laifin tayar da fitina a lokacin yaƙi. An ba ta damar shiga da jaririyarta, ta ƙi, saboda ta san cutar da ke cikin gidan yari. Nata'ala ya nemi a ba shi yaran biyu ya kai su Yola. Ta ba shi Hayatu, amma Hanifa ta miƙa wa Keturah, domin ita ce mai nono.

Wannan ya tayar da ƙura a cikin dangi, aka kai ƙara wurin Modibbo cewa an ba wadda ba Musulma ba shayar da jikarsa. Tsohon ya saurare su har suka gama, sannan ya ce abin da ya sani a shari'a shi ne nono yana ƙulla zumunci, don haka daga yau yaron nan Zadok ɗan'uwan Hanifa ne, kuma jikansa ne, wanda bai yarda ba ya kawo hujja. Ba wanda ya kawo.

Keturah takan goyo yarinyar ta zo bakin gidan yari a ranakun ziyara, ta ɗaga ta ta saman shinge, ta ce da irin Hausarta, "Adda, yarinya ya ci, ya yi barci, ya fara haƙori. Kada ka damu." An saki Sabuwa a ƙarshen 1945 da ciwon ƙirji wanda bai rabu da ita ba har abada. Da ta samu ƙarfi Ishmael ya kai ta wurin tsohon sansanin. Suka tarar da tuddan ƙasa a jere a gefen hanya, ciyawa ta rufe su, ba a san na wane ne wane ba. Ta yi addu'a a kansu gaba ɗaya, ta mayar da zuwa wurin al'ada a kowane rani. Ba ta sake yin aure ba, ko da yake an nema, kuma hakan ya jawo mata magana.

Siyasa da kora

Modibbo Abdulhakeem ya rasu a 1951, baƙin ba su tafi ba. A shekara ta gaba Sabuwa ta shiga ajin yaƙi da jahilci ta koyi karatun boko tana da shekara talatin da shida, kuma a wannan lokaci ta shiga jam'iyyar adawa mai kiran a ba talaka haƙƙinsa, a ba ƙasa mulkin kai. Ita ta kafa reshen mata na Jimeta, Keturah na mataimakiyarta. Tarukansu a gidajen bikin suna da wuraren daka ake yin su, inda ba a buƙatar izinin kowa.

A 1955 ta yi jawabi a fili a ranar kasuwa a kan aikin tilas da bulalar da ake yi wa talakawa. Aka kama ta, aka yanke cewa ta bar Jimeta da Yola tsawon shekara biyu. Ta yi zaman a wani ƙauyen masunta a ƙetaren kogi, tana iya hango hayaƙin rumfunan Jimeta amma ba ta da ikon taka ƙasar. A cikin wannan kora mahaifiyarta ta rasu, ta nemi izinin zuwa gaisuwa, aka hana. Nata'ala, wanda a lokacin ya kai babban matsayi a ofis, bai sa baki ba, kuma daga nan suka yi shekaru ba sa gaisawa.

'Yancin kai da ƙuri'ar 1961

A zaɓen Disamba na 1959, wanda ya share fagen samun 'yanci, doka ba ta ba matan Arewa damar jefa ƙuri'a ba. Sabuwa ta wuni tana dafa wa masu zaɓe abinci a nesa da rumfar zaɓe, tana kallon mazan da ita ta koya wa yadda ake yi suna shiga suna fita. Ranar Asabar 1 ga Oktoba 1960 ta je fili tare da 'ya'yanta, ta ga sabuwar tuta. Da wani ɗan jam'iyya ya ce mata buri ya cika, sai ta ce, "Rabin gida ya samu, muna taya su murna."

A watan Fabrairu na 1961 aka yi ƙuri'ar raba gardama a yankunan da ke ƙarƙashin amanar Majalisar Ɗinkin Duniya, domin mutanensu su zaɓi zama a Nijeriya ko komawa Kamaru, kuma a wannan ƙuri'a mata ma suna da haƙƙi. Sabuwa da Keturah suka tafi ƙasar Jada da Ganye, suna bin kasuwanni suna nuna wa mata yadda ake karɓar takarda da yadda ake jefa ta. Ba su gaya wa kowa akwatin da zai zaɓa ba, abin da ya sa ɓangarorin biyu duk suka zarge su. An ruwaito cewa wata tsohuwa ta tambayi Sabuwa ita a wane akwati take jefa tata a Yola, ta amsa da cewa, "Mu ba a ba mu akwati ba tukuna, Inna. Ke dai ki je ki jefa taki."

Shekarun baya

Samun 'yanci bai kawo ƙarshen wahalarta ba. An sake tsare ta na ɗan lokaci a zaɓen 1964, wannan karo a hannun 'yan ƙasa, aka kuma ƙwace rumfarta. Bayan an soke jam'iyyu a 1966 ta koma sana'ar hatsi da noman wata 'yar gona a ƙauyen Yolde Kohi. A 1968 Nata'ala ya kwanta ciwon shanyewar ɓarin jiki, ta je Yola ba tare da an kira ta ba, ta yi jinyarsa har ya rasu. Iyalansa sun ce a tsawon jinyar babu wanda ya tayar da tsohon zance a cikinsu. Ta sauke farali a 1972.

Keturah ta rasu a 1974, bayan mijinta da shekaru masu yawa, ba ta taɓa jefa ƙuri'a ba. Sabuwa ta raka gawar har ƙauyensu, ta zauna cikin masu makoki a matsayin babbar 'yar'uwa, kuma ita ta raba kayan mamaciyar.

Ranar Asabar 7 ga Yuli 1979, tana da shekara sittin da uku, ta jefa ƙuri'arta ta farko. Idonta ya riga ya yi rauni, Hanifa ce ta riƙe hannunta har bakin rumfa, amma ta ƙi yarda a shiga da ita. Ba ta gaya wa kowa wanda ta zaɓa ba. Abin da ta ce kawai a hanyar komawa shi ne da Keturah na nan da ta ce layin ya yi tsawo.

A ranin 1981, da ta je ziyararta ta shekara, ta tarar an faɗaɗa hanyar an shimfiɗa kwalta, wurin kaburburan ya shiga cikin titi. Ta sa aka tsayar da mota a inda take zato, ta yi addu'a a tsaye a gefen hanya, manyan motoci na wucewa. Ba ta sake komawa ba.

Daga 1984 ta koma zama a unguwar Bekaji da ke Jimeta, a gidan Zadok, wanda ya zama malamin makaranta. Shi ya roƙa a bar masa ita, tun da Hayatu na aiki a nesa, Hanifa kuma na gidan miji. Ya keɓe mata ɗaki da wurin alwala, kuma 'ya'yansa su ke karanta mata labarai suna kiran ta Dada, wato uwa da Fillanci. Ta ga ƙirƙirar Jihar Gongola a 1976 da ta Adamawa a 1991. Ba a taɓa ba ta muƙami ko lambar yabo ba, ba a kuma ji ta nema ba.

Rasuwa

Tsohon ciwon ƙirjinta ya tashi a ƙarshen damunar 1992. Allah ya yi mata rasuwa da hantsin ranar Alhamis 12 ga Nuwamba 1992, tana da shekara saba'in da shida. An yi mata salla bayan azahar a ƙofar gidan da ta rasu. Zadok da mutanen cocinsu suka tsaya a gefe har aka sallame, sannan ya matso ya kama makara tare da Hayatu, suka kai ta maƙabartar Jimeta. Tsofaffin matan bakin kogi da suka rage, waɗanda ba su fi a ƙirga da yatsu ba, suka zauna a tsakar gida har aka dawo.

Ta rasu ta bar Alhaji Hayatu Ɗanburam, ma'aikacin gandun daji mai ritaya, da Hajiya Hanifa, ungozoma a Jimeta, da Malam Zadok Ishmael, shugaban makarantar firamare, da ƙanwarsa Hilda, mai sayar da kifi a rumfar mahaifiyarta, da jikoki da tattaɓa-kunne masu yawa a gidajen huɗu. Allah ya jiƙanta da rahama, ya jiƙan waɗanda ke kwance a ƙarƙashin hanya, waɗanda shi kaɗai ya san sunayensu.